Reshe Ɗaya, Fayil Uku

Ni dai ba mai yawan magana ba ce. Ko 'yan shekarun da na yi a makaranta ban taɓa ɗaga hannu ba sai in malami ya nuna ni. Da aka kawo ni gidan nan kuwa sai na tarar ba a ma bukatar bakina, domin maigidana yana yin maganar mutum biyu, har ya rage ta gobe.

A titinmu Mai Hanya ake kiransa. Mahaifiyarsa, Inna, wadda muke zaune tare, Auta take ce masa, shi kuma ba ya son ta faɗa a gaban mutane. Aikinsa masinja ne a babban ginin ofisoshin gwamnati, bene mai hawa huɗu: ya ɗauki fayil daga wannan tebur ya kai wancan. Amma in ka ji shi da yamma a bencin Mai Aski, maƙwabcinmu, sai ka rantse ba a ɗaga biro a ginin nan sai an tambaye shi.

"Darakta? Wane daga ciki? Ai ko jiya sai da ɗaya ya riƙe hannuna a matakala."

"Santsi ne ya kwashe shi?" in ji Mai Aski.

A ƙofar gidanmu akwai wata tsohuwar darbejiya ta gwamnati, har da lambarta da farin fenti a jiki. Wata Asabar da la'asar iskar farkon damina ta taso, ba ruwa, sai ƙugi. Muna tsakar gida muka ji ƙaƙas! Babban reshenta ya tsage, bai kuma faɗi ba. Kansa ya jingina da wayar lantarki, cikinsa ya rataye saitin kwanon ɗakina, tazarar da ba ta wuce kamu biyu ba. Ɗakin nan shi ne duk abin da na mallaka: gadona, kwanukana, da keken ɗinkin da babata ta ba ni. Ba kuma inda za a kai su, don ɗakin Inna da ƙyar yake ɗaukar tabarma biyu.

Maƙwabta suka taru ana ɗaga kai sama. Mai Aski ya ce a ba shi gatari. Mai Ƙanƙara, matar da ke sayar da ruwan sanyi a gida na uku, ta ce, "Ka hau, wayar nan ta yi maka askin da ba ka taɓa yi wa kowa ba."

Inna ta ce, "Ba sai an wahala ba. Ranar Litinin a je taga ta huɗu, nan ƙasa kusa da ƙofar shiga, a cike fom." Inna ta san ginin, shekara ashirin da biyu tana share shi kafin ta yi ritaya.

Maigida ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Taga ta huɗu? Inna, taga ai ta waɗanda ba su san kowa ba ce. Ni in bi layi? A ginin da masu gadi ke sara mini?"

"Kowa suke sara wa, Auta."

"Inna, don Allah, ga mutane." Ya juya ga taron ya ɗaga yatsu. "Kwana uku. In reshen nan ya wuce kwana uku a nan, ku canza mini suna."

Mai Aski ya ce, "To bari mu fara neman sabo."

Ni dai na naɗe tabarmata na koma ɗakin Inna, shi kuma ya koma zaure.

Lahadi sukutum ya yi yana rubuta wasiƙa. Shafi huɗu. Ya karanta mini ina yankan albasa. Bai ce reshe ba ko sau ɗaya. Ya ce gagarumar bishiya mai barazana ga rayuka da dukiya da martabar gwamnati. Na ce, a hankali, "Malam, ai reshe ne kawai."

"Amarya, ba ki san ofis ba. In ka ce reshe, sai su ba ka ganye."

Ranar Litinin ya dawo yana sheƙi. Ya rufe ƙofar zaure, ya zaro wata 'yar jar takarda mai faɗin yatsu uku daga aljihu ya nuna mana. Ya ce irinta ake maƙalawa a goshin fayil in Babban Sakatare, wanda ke hawa na huɗu, yana son a gaggauta abu. Ya tsinto guda huɗu a tiren ofishin, wannan ta rage.

"Ku saurara ku ji yadda ake juya gwamnati. Bishiya ta ofishin gandun daji ce. Waya ta ofishin lantarki ce. Titi na ofishin hanyoyi ne. Mai ƙaramin kai zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na buɗe fayil uku a rana ɗaya, kowanne da jar takardarsa, na kuma raɗa wa kowane akawu a kunne cewa maganar daga sama take. Wannan shi ake kira daidaitawa."

Inna ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Jar takarda ka sa?"

"Uku!"

"Fayil mai jar takarda ba ya sauka, Auta, hawa yake yi. Ƙaramin ma'aikaci in ya gan ta ba ya sa hannu, sai dai ya miƙa wa na gaba da shi."

"Wancan zamaninku ne, Inna."

Gaskiya an zo cikin kwana uku. Mutanen gandun daji suka sauka daga mota su biyar, suka zagaye bishiya da awo, suka sake fente lambarta, suka ɗauki hotonta ta gaba da ta baya. Shugabansu ya ce ba za su taɓa ko ganye ba sai lantarki sun kashe wuta. Washegari na lantarki suka zo, suka kalli waya, suka ce ba za su kafa tsani a titi ba sai an rufe hanya. Na hanyoyi suka zo suka auna faɗin titi da taku, suka ce ba sa rufe hanya sai gandun daji sun tsayar da rana.

"Kun gani?" in ji maigida a bencin aski. "Ofis uku a mako ɗaya! Wa ya taɓa kawo ko ɗaya titin nan?"

Mai Aski ya nuna sama da almakashi. "Shi reshen an sanar da shi?"

Abin da bai faɗa a benci ba, ni na gan shi a gida. Tun da shi ne masinja, shi ke ɗaukar fayilolin ukun nan da hannunsa. Ya kai na daji wurin lantarki, a rubuta a tura shi hanyoyi, hanyoyi su rubuta a mayar da shi daji. Duk zagaye ɗaya sai fayil ya ƙara hawa ɗaya a bene, ya kuma ƙara ƙiba. A mako na biyu dunduniyar takalminsa ta hagu ta cire. Kullum da yamma sai na dafa ruwa ya tsoma ƙafa yana nishi.

"Ya ake ciki, Malam?"

"Suna magana da juna, Amarya. Ba ƙaramin abu ba ne a sa ofis uku su yi magana da juna."

Reshen kuwa kullum ƙara sunkuyowa yake. Da safe nakan leƙa ɗakina in share, in ji ganyensa na shafar kwano, shuu, shuu, kamar mai neman hanyar shiga. Hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas da rana, ya watse, ya sake haɗuwa.

Wata Talata, bayan ya fita, Inna ta ɗauko mayafinta. "'Yar nan, kin iya rubutu ko?"

"Kaɗan, Inna."

"Kaɗan ɗin ake so. Mai yawan ne ya kai mu inda muke. Tashi."

Ban taɓa shiga ginin ba. Na bi bayan Inna ina kallon dunduniyarta. Taga ta huɗu 'yar ƙarama ce, da benci a gabanta, mutum uku ne a layi. A ciki wata mata ce mai tabarau da igiya a wuya, tana ɓare gyaɗa a kan tsohuwar jarida.

"Reshe ne ko bishiya duka?" ta tambaye ni.

"Reshe."

"Ya taɓa waya?"

"Ya taɓa."

"To namu ne. Muna da masu sara biyu, da mutumin lantarki ɗaya da ke bin su kullum. Cike nan."

Fom ɗin rabin shafi ne, layi biyar. Na rubuta a hankali ina danne biro. Ta buga hatimi, ta yage ƙasan ta miƙo mini. "Bi da bi ne. Alhamis ta sama za su iso gare ku. Na gaba!"

Shi ke nan. Har na tsaya ina jiran a ce mu hau sama.

Muna juyawa sai Inna ta ja ni bayan ginshiƙi. Ga maigida yana saukowa daga matakala, kujeru biyu a kai, fulas ɗin shayi a hammata, wani mai taye na binsa yana cewa ya yi sauri, kwamiti na jira. Ya wuce bai gan mu ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji dariya, na rasa wadda zan fara, sai na ciji mayafi.

Da yamma na jiyo shi ta katanga.

"Yau an kafa kwamiti na musamman a kan bishiyar nan. Daraktoci uku! Ina cikin ɗakin daga farko har ƙarshe."

"Me suka yanke?" in ji Mai Ƙanƙara.

"An tattauna sosai."

"A kan bishiyar?"

"A kan wanda zai shugabanci zaman. Ai sai an san kai kafin a san ƙafa. Ni ma na ba da gudummawa."

Na dubi Inna. Ta ce, "Sukari ya zuba musu."

Kwamiti ya zauna sau uku bai samu shugaba ba. Na daji ya ce bishiyarsa ce. Na lantarki ya ce in ba shi ba kowa ya mutu. Na hanyoyi ya ce dukkansu a kan titinsa za su tsaya. Mai Aski kuma ya fara kiran maigida Mai Kwana Uku, yara suka ɗauka. Wannan ne ya fi ci masa rai.

Ranar Litinin ya shigo ya ce ya samo maganinsu. "Manya ba sa jin roƙo, kishi suke ji. Na je wurin na daji na raɗa masa cewa sauran biyun sun tsayar da Alhamis, kuma Babban Sakatare da kansa zai zo duba aiki. Na faɗa wa na lantarki haka. Na faɗa wa na hanyoyi haka. Yanzu kowa tsoro yake kada a riga shi."

Na ce, "Alhamis ɗin nan?"

"Ita. Ki goge mini babbar rigata."

Na buɗe baki zan faɗa masa zancen fom, Inna ta taka mini ƙafa.

Ranar Alhamis tun kafin mu karya mutanen hanyoyi suka iso. Suka jera ganguna masu ja da fari a bakin titi ta gabas da ta yamma, suka ɗaura igiya. Da yake babban baƙo zai zo, har ramukan da suka shekara biyar suka cike, suka shafa wa duwatsun gefen titi farar ƙasa. Akuyar Mai Ƙanƙara ta goga jiki ta koma fara.

Ƙarfe takwas lantarki suka kashe wuta. Ba ta wayarmu kaɗai ba, ta unguwar gaba ɗaya, wai don kada a ce sun yi rabin aiki. Injin Mai Aski ya tsaya a tsakiyar kan wani direba, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya daji. Direban ya fito da ƙyallen aski a wuya yana tambayar wa zai kama.

Ƙarfe tara babbar motar gandun daji ta iso, da injin yanka da ma'aikata goma a baya. Ta tsaya a bakin ganguna. Mai tsaron igiya ya ce an rufe hanya.

"Don mu aka rufe ta!" in ji direban motar.

"Ni an ce kada mota ta wuce. Taka ba mota ba ce?"

Maigida ya ruga, babbar riga na kaɗawa. "Kai, buɗe musu! Ni ne na shirya duk wannan."

"Kai ne wa?"

"Tambayi kowa a titin nan!"

Mai tsaro ya dubi yaran da suka taru. Suka ce da baki ɗaya, "Mai Kwana Uku!"

Kafin ƙarfe goma daraktocin uku sun iso, kowa ya bar motarsa a bayan ganguna ya tako da ƙafa, kowa da fayil ɗinsa mai jar takarda a hannun yaron ofishinsa. Suka tsaya ƙarƙashin darbejiya suna gaisawa da yatsu biyu. Ni ina leƙe ta ƙofar zaure, Inna na zaune a kujerarta a waje kamar mai kallon wasa.

"Sai a buɗe wa motata," in ji na daji.

"Sai ka rubuto," in ji na hanyoyi.

"Ga ni a gabanka!"

"Ganinka ba ya shiga fayil."

"Ku dai ku yi sauri," in ji na lantarki, "wutata ba za ta kwana a kashe ba."

"Wa ya ce ka kashe tun yanzu?"

"Ku da kuka tsayar da rana ba ku gaya mini ba!"

"Mu? Ku biyu kuka tsayar!" in ji na hanyoyi.

"Ni ma ce mini aka yi ku biyu ne!" in ji na daji.

Maigida na tsakiya yana juyi, ya ce wa wannan ranka ya daɗe, ya ce wa wancan a yi haƙuri, gumi ya jiƙa wuyan rigar da na goge. Sai ga Mai Ƙanƙara da bokiti, ta dire a gabansa.

"Mai Hanya, ga ƙanƙarata ta koma ruwa. Ka kai ta hawa na huɗu a sa mata hannu ta daskare."

"Hajiya, ki yi wa Allah, manya na magana."

"Tun safe suke magana. Firjina ne ya yi shiru."

Direba mai rabin kai ya matso. "Wai kai ne ka kashe wutar?"

"Ba ni ba ne, tsari ne."

"To tsarin zai ƙarasa mini askin?"

Gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa igiyar ganguna. Reshen ya yi wata ƙara, ƙiiii, ya sauko ya zauna a kan kwanona sosai, har na ga kwanon ya lotsa. Na dafe ƙirji. Keken babata na ƙarƙashin wurin daidai.

Ana cikin haka taron ya dare. Wani dattijo gajere mai furfura ya tako daga wajen ganguna, shi ma an hana motarsa wucewa. Babban Sakatare ne da kansa. Daraktocin uku suka ƙame kamar an ja su da zare. Ashe kowannensu, don ya riga 'yan'uwansa, ya aika wa Babban Sakatare takarda cewa yau zai cika umarninsa. Takarda uku a kan umarnin da bai san da shi ba, shi ya sa ya zo ya gani da idonsa.

"Wane umarni na bayar?" ya tambaya, ba tare da ɗaga murya ba.

Aka miƙa masa fayil uku. Ya duba goshin kowanne. Ya ɗaga kai ya dubi bishiya.

"Bishiya uku ce?"

"Ɗaya ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya maƙala waɗannan?"

Duk titin ya juya wuri ɗaya, har akuya. Maigida ya yi ƙoƙarin shigewa bayan direba mai rabin kai, direban ya matsa gefe.

"Ranka ya daɗe," in ji na daji, "ai cewa ya yi shi ɗan gidanka ne."

"Ni kuwa ce mini ya yi tare kuke karyawa," in ji na lantarki.

Dattijon ya ƙare wa maigida kallo daga hula har takalmin da aka yi wa ƙusa. "Na san fuskar nan. Ba kai ne kake kawo fulas ba?"

Mai Aski ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Maigida ya buɗe baki. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya buɗe baki magana ta ƙi fitowa ba sai ran nan.

Sai muka ji wata murya daga baya: "Gafara dai, gafara! Ina matar da ta cike fom?"

Mutum uku ne cikin tsofaffin kayan aiki. Sun jingine baburansu a bakin ganguna sun ratso da ƙafa, ɗaya da tsani a kafaɗa, ɗaya da zarto da igiya, ɗaya da safar roba har gwiwar hannu. Mai tsanin yana ɗaga rabin takarda. "Daga taga ta huɗu. Reshe a kan waya. Wace ce?"

Na so ƙasa ta tsage. Inna ta waiwayo ta ce, "Fito, 'yar nan, ba cizo suke ba."

Na fito, ido kamar ɗari a kaina. Na kwance bakin mayafina na ciro 'yar takardar da aka yaga mini, duk ta yamutse. Mutumin ya haɗa ta da tasa, ya gyaɗa kai. Mai safar roba ya dubi waya, ya dubi titi.

"Kai! An ma kashe wuta? An rufe hanya? Yau aiki ya zo da sauƙi."

Ba su gaida darakta ko ɗaya ba, ina jin ba su ma san su ba. Suka kafa tsani, suka ɗaure reshen da igiya ta kan wani reshe na sama, zarto ya fara ƙurr, ƙurr. Na daji ya ɗaga hannu zai yi magana, Babban Sakatare ya dube shi, ya mayar da hannun aljihu. Ma'aikata goma na kan babbar mota suna kallo daga nesa. Kafin a tafasa ruwan shayi reshen ya sauko a hankali, ya kwanta a titin da aka share domin baƙo. Mai tsanin ya miƙo mini biro. "Sa hannu nan, an gama."

Na sa. Ɗigon farko na ruwa ya faɗo a kan takardar.

Babban Sakatare ya karɓi rabin shafin ya karanta, ya dubi fayiloli ukun da ke hammatarsa, kowanne ya kai kaurin bulo. Sai idonsa ya faɗa kan Inna. Ya matso, ya ɗan rusuna.

"Baba? Ba ke ce kike ajiye mini makulli ba, lokacin ina ƙaramin akawu ina makara?"

"Ni ce. Ka yi furfura."

"Me ya sa ba ki zo wurina ba?"

"A kan reshe? Ai akwai taga." Ta nuna maigida da haɓa. "Wancan nawa ne. Autana. Ba mugu ba ne, baki ne ya yi masa yawa."

Na ga dattijon yana danne dariya. Ya ɗora wa maigida fayilolin uku a hannu. "Ka kai su ka rufe, ɗaya bayan ɗaya, ka bi duk teburin da suka bi. In ka gama, daga Litinin ka koma taga ta huɗu kana miƙa fom. Na ga iyalinka sun fi ka sanin wurin."

Sai ruwa ya kece. Daraktoci suka ruga wajen motocinsu da takardu a ka, mai tsaron igiya na bin su yana tambaya ko ya buɗe. Wuta ba ta dawo ba sai bayan la'asar, domin an rasa wanda zai rubuta a kunna. Direba ya tafi da rabin kansa cikin hula.

Ni kuwa na shiga ɗakina. Kwanon ya lotsa amma bai huje ba. Na zauna a bakin gado, na dafa keken babata, ina jin ruwa na dukan rufi, ko ɗigo bai shigo ba.

Can sai ga maigida a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf, fayiloli a ƙirji. 

"Kin dai ji abin da mai safar nan ya ce. An kashe wuta, an rufe hanya, aiki ya zo da sauƙi. Wa ya shirya musu?"

"Kai ne, Malam."

"To." Ya zauna, ya cire hula ya matse. Ya rage murya. "Amarya, tsakanina da ke. Wa kika sani a taga ta huɗu?"

"Ba kowa."

"Haba. Ni ne fa."

"Wallahi ba kowa. Layi na bi, na cike fom."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sai ya yi murmushi yana kaɗa kai. "Haka manya suke. Ba sa faɗa."

Washegari da safe ina shara na jiyo shi a bencin aski, muryarsa ta dawo daram.

"Ku kuna ganinta shiru-shiru. Takarda rabin shafi ta rubuta, daraktoci uku suka koma gefe! Ai ni ba a banza na auro ta ba. Kuma ku sani, ba kowa ake kaiwa taga ta huɗu ba. Babban Sakatare da bakinsa ya zaɓe ni, a gaban kowa."

"Mun shaida," in ji Mai Aski. "Har akuya."

Tun daga ranar ba na rasa baƙi. Wannan kwatarsa ta toshe, waccan fitilar ƙofarta ta mutu, duk sai su zo su durƙusa a tsakar gida su ce in sa musu baki. Nakan ce su je taga ta huɗu, ƙasa kusa da ƙofar shiga, za su ga wani mai babbar murya yana miƙa fom. In ya raɗa musu cewa yana da wata hanya da ta fi sauri, su yi masa godiya sosai, su karɓi fom ɗin.